Sawu a Ɗakin Maganaɗisu

Ranar Litinin da misalin ƙarfe goma na safe aka fara cewa Auta ta yi ƙarya a bincikenta, kafin azahar maganar ta iso bakin get inda kawunta yake gadi. Wani ɗalibi ne ya kawo ta, bai ma san da wa yake magana ba. Ya ce wai wata yarinya a Sashen Sinadarai ta zana sakamako da hannunta, yau asirinta ya tonu a gaban baƙon da aka ɗauko daga wata jami'a don ya jarraba ta, kuma ranar Alhamis kwamiti zai zauna a kore ta.

Kawu ya ɗaga masa sandar get ya wuce. Sannan ya roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa wuri, ya nufi sashen.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana bin sawu a gandun daji, wata rana sawun dabbar da aka raunata, wata rana sawun wanda ya raunata ta, har gwiwarsa ta ce ta gaji ya dawo gari ya kama gadi. Auta 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa ta tashi tun rasuwar uwarta. Saboda ita ne kowa a jami'ar yake ce masa Kawu, har da waɗanda suka girme shi.

A kan matakalar baya ya same ta, ta cire tabarau tana ta goge shi da gefen mayafi. Ba kuka take yi ba. Ya zauna a ƙasa da ita da mataki ɗaya, ya ce ta yi masa bayani kamar yadda za ta yi wa wanda bai gama firamare ba, don kuwa bai gama ba.

Ta ce aikinta a kan wani gari ne mai laushi, ya fi toka laushi, wanda take fatan in an zuba shi a ruwan rijiya zai kama ragowar maganin feshi da ke gangarowa daga gonaki. Ƙwayoyin gubar ido ba ya ganinsu, don haka ake zuba ruwan a wasu siraran bututan gilashi, kaurinsu bai kai fensir ba, a zura su cikin wani babban injin maganaɗisu. Sunansa na takarda haruffa uku ne, NMR, amma saboda siffarsa kowa Tulu yake ce masa. In ƙwayoyin gubar suna yawo a sake cikin ruwa, Tulu yana jin su sarai, sai ya zana layi mai dogayen ƙayoyi a allon kwamfuta. In kuwa sun manne a jikin garin, motsinsu ya yi nauyi, sai ƙayoyin su kwanta, layin ya miƙe ɗoɗar. Ba sa mannewa rana ɗaya. Sati shida ta jira, ƙayoyin suka kwanta, ta buga hotunan ta sa a kundinta. Yau Baƙo ya ce a sake zura bututan a gabansa. Ta zura na ɗaya, ƙayoyi tsaye. Na biyu, tsaye. Duka goma sha biyu.

"Wato ke ma bin sawu kike yi," in ji Kawu.

"Kawu, waɗannan ba bututaina ba ne."

"Kin faɗa musu?"

"Na faɗa. Rubutuna ne a kan murafen. Suka ce to na wa ne?"

*

Farfesa mace ce mai ƙarancin magana, ita ce shugabar sashen kuma ita ke duba aikin Auta. Ta saurari Kawu har ya gama, ta ce ita ma ba ta so haka ba, amma abin da ido goma ya gani ba a rufe shi da tafin hannu. Ya ce ba rufewa ya zo nema ba, izini yake so ya duba ɗakin.

"Kawu, nan fa ba daji ba ne."

"Ƙasa dai ƙasa ce, ranki ya daɗe. Wanda ya taka ta sai ta riƙe."

Ta ɗan kalle shi ta saman tabarau. Ta ce yana da daga yau zuwa safiyar Alhamis, kada ya taɓa komai sai da sanin Injiniya.

Wannan bai dame shi ba. Injiniya shi ne mai kula da Tulu shekara goma sha tara, kuma abokinsa ne. Kusan kullum tare suke shan shayin rana a gindin bishiyar da ke bayan sashen, suna gardamar wanda ya fi wani tsufa.

Ɗakin Tulu yana ƙasa, a ƙarshen baranda, ba shi da taga. A bakin ƙofa akwai farantin roba da ake zuba duk wani ƙarfe. Injiniya ya tsaya yana kallo Kawu ya ajiye makullai, agogo, usur, waya, 'yar wuƙar yanke farce. Sai ya nuna masa bel. Kawu ya ce in ya cire wandon zai bi, Injiniya ya ce gara wando ya faɗi da Tulu ya fizge shi da ƙugu, ai ba kowa a ɗakin sai 'yarsa. Haka ya shiga yana riƙe da wando da hannu ɗaya.

Tulu yana tsakiyar ɗaki, fari, ya fi mutum tsawo, tsaye a kan ƙafa uku, da tsanin katako a jikinsa wanda ake hawa a zura bututu ta sama. An zagaye shi da jan layi a ƙasa, taku huɗu daga jikinsa ta ko'ina. Kwamfuta da kujerar Injiniya suna wajen layin. A cikin layin, kusa da tsani, akwai tebur na roba mai taya, a kansa bututan Auta suke jere.

Abin da Kawu ya fara lura da shi, wajen layin yana sheƙi, cikinsa kuwa ƙura ta kwanta sirit. Injiniya ya ce Inna mai shara ba a yarda ta tsallaka ba sai sau ɗaya a wata, shi ma sai yana tsaye a kanta, kuma kwanan nan aiki ya yi yawa, an kwana biyu ba a yi ba.

Kawu ya ce a kashe fitilar sama. Ya sa Auta ta kwantar da tocila a ƙasa daga wajen layi, hasken ya bi ƙasa a kwance. Mai bin sawu ba ya duba ƙasa da rana tsaka, sai da safe ko da yamma lokacin da kowane ɗan rami yake da inuwarsa. Ya durƙusa, gwiwar ta yi ƙara.

Akwai ƙananan takalman Auta, masu cin gefen waje. Akwai wata doguwar ƙafa mai jan diddige, ta shiga ta fita ba adadi. Akwai tsinin takalmin Farfesa na safiyar yau. Sai kuma sawun tayar tebur. Tsohuwar hanyarsa gajeriya ce, daga tsani zuwa bango, kuma kullum da ƙafar mai tura shi a baya. Amma akwai wata sabuwa da ta miƙe kai tsaye zuwa jan layi, ta yi taku biyu, taya ɗaya ta karkace ta kankare ƙasa. Babu ƙafa a gabanta, babu a bayanta. Daga inda ta tsaya an goge ƙasa, gugar ta yi baka-baka kamar yadda jela ke share ƙasa. A tsagar da ke tsakanin tayil biyu wani abu ya ƙyalla. Ya lashi yatsa ya ɗauko shi: gilashi ne, siriri kamar ɓawon albasa.

"Tebur ya yi tafiya shi kaɗai," in ji shi. "Ya faɗi a nan. An share, an mai da shi, duk daga nesa."

Auta ta dafe bango. Ta ce murafen roba ne, ba sa fashewa, ana iya cire su a sa wa wasu bututan. Injiniya ya ce innalillahi, ya zauna a kujerarsa.

*

Littafin get ya nuna mutum uku sun shiga sashen a ƙarshen mako. Inna ta zo shara da safiyar Asabar. Injiniya ya zo wajen ƙarfe sha ɗaya, saboda na'urar sanyin ɗakin ta mutu, ƙararrawa ta buga a wayarsa, ya kira mai gyara wanda bai zo ba sai Litinin, wannan kowa ya sani. Dogo ya zo ranar Lahadi.

Dogo ɗalibi ne shi ma, ya riga Auta shigowa da shekara biyu kuma har yanzu bai gama ba. Duk sashen an san sun yi cacar baki a kan lokacin hawa Tulu, har ya ce mata garin nata ko ƙuda ba zai kama ba. Kawu ya same shi ranar Talata da safe a ɗakin gwaji, yana wanke kwalabe, rabin ruwan a kan rigarsa. Ya amsa cewa ya faɗi maganar, kuma in ana so zai maimaita, amma faɗa daban, ɓarna daban. Ranar Lahadi ya zo ya ƙara wa Tulu ruwan sanyinsa, don Injiniya ya ɗora masa wannan aikin tun watan jiya, wai ya koya.

"Ka taɓa teburin?"

"Baba, in zan taɓa shi ai sai in je in taɓa shi. Taku huɗu ne. Ni da ƙafafun nan ma biyu ne."

Kawu ya dubi ƙafafun, ya yarda. Mutumin da ke shiga layi sau goma a rana ba zai tsaya a bakinsa yana ƙoƙarin jawo tebur ba.

Kafin ya fito daga wurin Dogo, labarin gugar ƙasa ya zagaye sashen, kuma mutane sun riga sun yanke hukunci. Wa ke da doguwar sanda? Wa aka hana tsallaka layi? Waɗanda jiya suke cewa dama Auta shiru-shirunta ya yi yawa, yau su ne ke cewa dama tsohuwar nan idonta ya fara rauni. Magatakardan sashen har ya fara neman fayil ɗinta.

A ɗan ɗakinta na ƙarƙashin bene ya same ta, tsakanin bokitai. Ta ɗaure babban yatsanta da tsumma. Tun kafin ya zauna ta ce ta ji abin da ake faɗa, kuma shekararta sha ɗaya tana share ɗakin dodon nan ko hularsa ba ta taɓa taɓawa ba. Ya tambaye ta yatsan. Ta ce jiya da safe ta zo matse mofa, sandarta ta goge ƙasa, wani abu ya yanke ta, ta duba ta ga ɓarɓashin gilashi a cikin zaren. Kuma mofar a jiƙe ta same ta, an jingine ta kai ƙasa. Ita kuwa tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jingine mofa kai ƙasa ba, wari take yi.

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Inna?"

"Wa ya tambaye ni? Kai ne na fari, kai ma don 'yarka ce."

Bai musa ba. Ya karɓi sandar ya juya ta a hannu. A can ƙarshenta an ɗaura igiyar roba an yi mata ɗan maɗauki, irin wanda zai shiga ƙafar tebur. Inna ta ce ba ita ta ɗaura ba, ta ɗauka 'yan makaranta ne da wasanninsu.

Ya koma wurin Auta ya ce ta nuna masa abin da ya sa tun farko ta ce bututan ba nata ba ne. Abin kunya ne a wurinta. Ta ɗaga jerin a gaban fitila. Ruwan da ke cikin bututai goma sha biyun kansa ɗaya, kamar an sa zare an daidaita. Ta ce ita hannunta rawa yake yi, bare in ana kallonta, nata kullum wani ya ɗara wani da kaɗan, Farfesa ta sha yi mata faɗa a kai. Ta ƙara da cewa ta duba kwalabenta na ajiya, garin da ruwan gubar duk sun ragu, kuma littafin aikinta da ta rubuta ma'aunin komai yana nan a kan shiryayye inda kowa zai iya buɗewa.

To, Inna ba ta karatu. Dogo kuwa ko shayi ya zuba sai ya zubar. Kawu ya je ya gaya wa magatakarda ya mai da fayil ɗin tsohuwa inda ya ɗauko shi.

*

Ranar Laraba da sassafe ya sake komawa ɗakin, shi da Auta kawai. Wannan karon ba abin da ke ƙasa yake nema ba. Ya bi layin a durƙushe ya zagaye Tulu kaf, ya duba matakan tsani ɗaya bayan ɗaya, ya duba bayan injin inda ake ƙara ruwan sanyi. Ya san takalmin Injiniya kamar yadda ya san nasa, mai faɗin baki, an yi wa na hagu faci a diddige. A wajen layi, gefen kujera inda mofa ba ta kaiwa, yana nan birjik. A cikin layi, cikin ƙurar wata biyu, babu ko ɗaya.

Ya zauna a ƙasa ya miƙe gwiwar. A daji, in dabba ta shekara tana shan ruwa a wuri ɗaya sannan sawunta ya ɗauke daga wurin, ba ƙishirwa ce ta sake ta ba. Wani abu ne ya same ta.

Da suka fito ɗaukar kayansu a faranti, ya tsaya a gaban allon gargaɗin da ke jikin ƙofa. Akwai hoton makulli, da agogo, da almakashi, kowanne an ja masa jan layi. Na ƙarshe hoton zuciya ne da wata 'yar igiya. Ya tambayi Auta. Ta ce akwai masu ciwon zuciya da ake dasa wa ɗan batiri a ƙirji, ƙasan kafaɗar hagu, yana daidaita musu bugu. Irin waɗannan ko kusa ba a barinsu su tsallaka layi, don Tulu na iya rikita batirin, mutum ya faɗi nan take. Doka ma ta hana su aiki a ɗakin.

Kawu ya ɗaura bel ɗinsa a hankali. Wata biyu da rabi da suka wuce Injiniya ya ɗauki hutun sati uku, ya ce zai je ganin ɗansa. Ya dawo ya rame. Wayar da shekara da shekaru take aljihun gaban rigarsa ta koma aljihun wando. In zai miƙa kofi, da dama yake miƙawa, ko da hagun ce ta fi kusa. Duk Kawu ya gani, ya ɗauka tsufa ne, har ya tsokane shi a kai.

Bai gaya wa Auta komai ba. Da rana ya tafi gindin bishiya. Injiniya ya riga shi, ya zuba kofi biyu. Suka sha suna maganar mai gyaran na'urar sanyi da rashin iya aikinsa. Can Kawu ya ce gobe ne fa za a kori yarinyar nan, shekara huɗu na wahalarta, kuma wanda aka kora da sunan ƙarya ba wata makarantar da za ta sake karɓarsa. Ya ce shi a saninsa abin da ya faru a ɗakin nan tsautsayi ne, ba mugunta ba, kuma tsautsayi in mai shi ya faɗa da bakinsa ya fi sauƙi.

Injiniya ya ajiye kofinsa. Ya ce Allah Ya bayyana gaskiya. Kawu ya ce amin, ya ba shi har gobe da safe, ko da yake bai faɗa da baki ba.

*

Safiyar Alhamis ba wanda ya je ofishin Farfesa. Don haka Kawu ya roƙe ta, kafin kwamiti ya zauna, a taru a ɗakin Tulu minti goma. Aka taru: Farfesa, Baƙo da jakarsa a hammata, Auta, Dogo, Inna, Injiniya. Farantin ƙofa ya cika da makullai.

Ya nuna musu sawun taya, da inda ta karkace, da gugar da aka yi daga nesa, da maɗaukin da ke jikin sandar Inna, da ɓarɓashin gilashin da ya nannaɗe a takarda. Auta ta ɗaga bututan a gaban fitila. Baƙo ya matso ya duba, ya ce lallai wannan hannun ya daɗe yana aiki. Kawu ya ce saura abu ɗaya, kuma ƙarami ne: kowa ya shiga ya dafa teburin ya fito.

Auta ta shiga ta fito. Dogo ya yi takunsa biyu. Farfesa ta ɗaga gira, amma ta je. Inna ta ce yau ga ranar da aka ce ta shiga ba bokiti, ta je ta dafa, har ta ɗan shafa jikin Tulu ta ce ashe sanyi gare shi.

Saura Injiniya. Ya tashi daga kujerarsa. Ya shafa aljihunsa kamar mai neman ƙarfen da ya manta, babu. Kawu ya zaci zai yi magana. Sai ya ga ya gyara wuyan riga, ya tako, taku ɗaya, biyu, bakin takalminsa ya hau jan layi, ya ɗaga ɗaya ƙafar.

Kawu bai san gwiwarsa tana da sauran wannan saurin ba. Ya cafke shi ta baya ya jawo shi, suka tafi tare suka bugi teburin kwamfuta.

"Sake ni in je."

"Ba zan sake ka ba. Takarda na zo nema wa yarinya, ban zo ɗaukar gawa ba."

Injiniya ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ɓalle maɓalli biyu, ya janye rigar. Ƙasan kafaɗarsa ta hagu akwai tabon ɗinki da ɗan tudu kamar akwatin ashana.

Ya yi bayani ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya ce ya ɓoye ne don ya san doka, kuma in aka raba shi da Tulu bai san ko shi wane ne ba. Ranar Asabar da sanyi ya mutu ɗakin ya ɗauki zafi, ya san zafi zai lalata aikin yarinyar, ya kira Dogo bai ɗauka ba, ita kuma in ya kira ta za ta tambaye shi me ya hana shi ɗaukowa da kansa. Sai ya ɗauko sandar Inna don ya jawo teburin ya kai bututan firji. Taya ta ci tsagar tayil. Da ya ga abin da ya faru, ya buɗe littafinta ya haɗa wasu daidai da yadda ta rubuta, ya sa musu murafenta. A ruɗewarsa ya manta ranar Litinin ne Baƙo zai zo, ya ɗauka garin yana da sati shida ya kama gubar kafin wani ya duba.

Farfesa ta ce ta ji na Asabar. Na Litinin take so ta ji, lokacin da yake zaune a kujerar nan ana ce wa yarinya maƙaryaciya, da na Talata, lokacin da aka ɗauko fayil ɗin Inna.

Auta ce ta yi magana.

"Da ka kira ni, Baba Injiniya, da na zo na ɗauko, kuma da ban gaya wa kowa ba."

Kwamiti ya zauna, amma ba a kan Auta ba. An dakatar da Injiniya, daga baya aka ce ya ajiye aiki saboda rashin lafiya. An wanke Auta daga zargin ƙarya. Sai dai Baƙo ya ce wankewa daban, shaida daban: bututan da suka ba da hotunan kundinta sun tafi kwandon shara, shi kuma ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Amma ga goma sha biyu nan da wani hannu ya haɗa bisa littafinta, ba ta nan, ba da saninta ba. Ya ce a like murafensu a gabansa, a kulle su a ofishin Farfesa. In garin nata yana kamawa, zai kama ko wa ya zuba shi. Zai dawo bayan sati shida.

Sati shidan nan Auta ba ta ci abincin kirki ba. Kawu ya lura ta daina karatu ma, sai ta buɗe littafi ta zuba wa shafi ɗaya ido. Sau biyu tana tambayarsa in fa ƙayoyin ba su kwanta ba, in fa tun farko kuskure ta yi. Ya ce to sai a san kuskure ne, ba ƙarya ba, kuma da wannan mutum yana iya fita kasuwa.

Ranar da Baƙo ya dawo Kawu yana bakin aiki, bai nemi shiga ba. Wajen ƙarfe ɗaya ya hango ta tana tahowa da takardu a hannu, tana sauri tana tuntuɓe. Ta shimfiɗa masa guda a kan teburin get. Layi ne miƙaƙƙe, da 'yan tudu-tudu marasa tsini. Ta ce goma sha ɗaya sun kwanta, ɗaya ne ya yi gardama, shi kuwa dama ba gari a cikinsa, don gwaji aka bar shi haka. Baƙo ya sa hannu.

Kawu ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce ma sha Allah, shi dai bai ga komai ba. Ta ce ai rashin ganin shi ne abin.

Ta ninke ɗaya ta miƙa masa. Ta ce in ya tashi aiki ya biya ta gidan Injiniya.

"Ka ce masa awonsa daidai ne, ko ɗigo bai kuskure ba."

"In ce kina gaishe shi?"

Ta cire tabarau ta duba shi, ta mayar.

"A'a. Ka dai kai masa takardar."